Jan Gashin Maigidan Inna

Bana marka ta zauna mana daram. Kwana da kwanaki rana ba ta leƙo ba, wanki ya ƙi bushewa a kan igiya, ashana ma sai an lallaɓa ta kafin ta kama. Ni da jikata Rahma muka maƙale a rumfa, ina ɓarar gyaɗar miya, ita kuma ta kifa kai a kan wani ƙaton littafi tana ƙunƙuni kamar mai tilawa. 'Yar autata ce ta haife ta. Tana karatu a jami'a a Kano, hutu ta zo, amma ko tsintsiya ba ta ɗaga mini ba.

Na ce, "Ke, wai me ke cikin littafin nan da ya hana ki taya ni ɓara? Ko hoton saurayi aka liƙa a ciki?"

Ta yi dariya ta ce, "Kaka, labarin jikinki nake karantawa."

Na ce, "Jikina? To karanto, in ji ko sun san da ciwon gwiwar nan."

Sai ta rufe littafin ta shiga yi mini bayani da Hausa, don ta san idan ta sako Turanci zan kore ta. Ta ce jikin mutum duk wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kowacce akwai wani dogon zare mai sili biyu a murɗe, suna ce masa DNA. A jikin zaren aka jera duk yadda za a gina mutum, da harufa huɗu kacal da ake ta maimaitawa. Idan ƙwaya za ta rabu biyu, sai zaren ya warware, kowane sili ya haɗa wa kansa sabon abokin murɗi daidai irin wanda ya rabu da shi. Ta haka rubutun ke yaɗuwa ba ya ɓata, ta haka kuma ɗa ke ɗauko hancin ubansa.

Na ce, "Ikon Allah. To gashi da tsoka fa, su ma zaren ne?"

Ta ce a'a, zaren umarni kawai yake bayarwa. Ana kwafo saƙo daga jikinsa a kai wa wasu 'yan ƙananan masu haɗi a cikin ƙwayar, su kuma su riƙa jera wasu 'yan gutsattsari iri ashirin, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake jera duwatsun wuya a zare. Abin da suka jera shi ne furotin, shi ke zama gashi da tsoka da fata, har da wani da ke riƙe ruwa a cikin jini. Ta ce wasu daga gutsattsarin jiki ba ya iya yin su da kansa, dole sai daga abinci, irin su nono da wake da ƙwai da gyaɗar da ke hannuna. Idan yaro ya rasa su, umarnin yana nan lafiya lau amma babu kayan aiki. Sai ruwa ya tsiyaye daga jini ya taru a ƙafa da fuska, gashi ya yi laushi ya koma ja.

Gyaɗar ta tsaya a hannuna. Rahma ta ci gaba da zuba, ni kuwa tuni na bar rumfar, na koma wata damina a ƙauyenmu na gefen Kutama, lokacin ina da ƙuruciya da ɗa guda.

Mu mutanen shanu ne a asali. Kakanninmu sun ajiye sanda sun kama fartanya, Fulatancin ma ya gudu daga bakinmu sai 'yan gaishe-gaishe, amma garke bai taɓa barin bayan gida ba, kuma yaro a gidanmu da nono yake tashi. Ga gyaɗa kuma. A zamanin nan ita ce sarauniyar gona. Da kaka za ka ga jakuna sun yi layi zuwa wurin sikeli a Gwarzo, daga can motoci su kwasa zuwa Kano inda ake tara ta dala-dala. Sai ga shekarar farin nan da kowane tsoho ke tunawa. Ruwa ya ɗauke gero na bunni, gyaɗa ta yi ƙwanso babu ƙwaya, ciyawa ta ƙare tun sanyi bai shigo ba. Shanu suka riƙa kwanciya suna kasa tashi. Waɗanda suka saura ƙanen mijina ya kora su kudu neman kiwo, aka bar mana wata tsohuwar saniya da hantsarta ta bushe ƙamas. 'Yar gyaɗar da aka samu ta tafi haraji, sauran aka ɗaure a rumbu don iri, mai taɓa ta sai ya shirya faɗa da Malam, wato mijina.

A cikin bazarar da ta biyo bayan farin nan aka yaye ɗana. Shi ne ɗan farina, kuma sunan kakansa aka sa masa, mahaifin Malam, wanda muke ce wa Baffa. Baffa ya rasu kafin a kawo ni gidan. To ka ga kunya biyu ta hau kaina. A al'adarmu uwa ba ta kula ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta kiran sunansa, bare a ji ta ce "ɗana". Ga shi kuma sunan suruki ne, wanda ko a mafarki ba zan furta ba. Sai dai in ce "yaron nan". Ranar yaye aka ɗauke shi aka kai ɗakin surukata, Inna, a can ƙuryar gida, ya zama nata ɗungurungum. Ita kuwa "Maigida" take ce masa, irin wasan kaka da jika.

Inna ba muguwa ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Tsohuwa ce doguwa, siririya, mai faɗa a baki da taushin zuciya. Idan aka raba tuwo, nata take gutsura ta ba shi, ta sha ruwa ta kwanta. Sai dai me ke cikin tuwon? Dawa ce da aka auno, an haɗa da garin rogo don ta yi auki, miyar kuka tsararo babu daddawa babu man shanu. Da safe kunu ne mai ruwa-ruwa da ake iya ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Zafin bazarar nan kuwa, wayyo Allah. Ƙasa na ƙona tafin ƙafa, iska kamar daga bakin murhu, rijiya sai an tsaya an jira ruwa ya tsattsafo a kwashe da ludayi.

Da ruwan farko ya sauka duk garin ya fita waje, manya da yara, ƙamshin ƙasa ya cika hanci har mutum ya ji kamar ya ci. Aka yi shuka. Gyaɗar iri duk ta shiga ƙasa, ko ƙwaya ba a rage ba. Daga nan aka shiga lokacin da ya fi kowanne wuya, gona kore shar amma rumbu wayam. Maza na noman fari da ciki a ɗaure. Mu mata mu bazama bakin gonaki mu tsinko tafasa da yaɗiya mu dafa, mu ci da gishiri kawai, don ƙuli-ƙulin da ake kwaɗawa da shi ya zama labari.

A nan ne yaron nan ya fara sauyawa. Gashinsa da yake baƙi mai tauri ya soma laushi yana kwanciya, sannan ya ɗauki wani ja-ja kamar gemun masara. Fatarsa ta yi haske. Kumatu suka cika, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul.

Inna ta kusa zaucewa don murna. Baffa, ka ji, jan mutum ne mai laushin gashi, irin Fulanin da. Duk cikin 'ya'yan da ta haifa masa babu wanda ya ɗauko shi, duk baƙaƙe suka fito, abin ya daɗe yana ci mata rai. Yanzu ga shi a kan cinyarta. Ta riƙa kiran matan maƙwabta tana cewa, "Ku zo ku ga ikon Allah! Jini ba ya ɓuya. Wallahi gashin nan nasa ne, har kwanciyarsa. Ashe nonon uwa ne ya rufe kamar, da aka yaye sai ta fito."

Matan su ce, "Tubarkalla, masha Allah. Kuma ji yadda ya yi ƙiba a wannan shekara, lallai hannunki da albarka, Inna."

Na taɓa jin ta da hantsi tana shafa kansa tana magana ƙasa-ƙasa, "Ka dawo ke nan, Maigida? Ka tafi ka bar ni da garke da yara, ko sallama ba ka yi mini da kyau ba." Na koma da baya a hankali don kada ta san na ji.

Ni kuwa ina kallo ta wutsiyar ido, tunda da shi kaɗai aka yarda in kalla. Abin da nake gani daban ne. Yaron da ke bin kaji har zaure, yanzu inda aka ajiye shi nan za a dawo a same shi. Ba ya dariya. Kukansa ma wani siriri ne, kamar na ɗan mage. Idan aka kawo kunu sai ya kau da kai. Kuma ƙibar a ƙafa take da fuska, damtsensa kuwa kamar sillen kara.

Ranar da aka yi gayyar maimai a gonar Malam, gida ya watse, Inna ta tafi kai wa manoma ruwa. Na shiga ɗakinta kamar ɓarauniya na ɗauke shi. Rabona da in rungume shi tun ranar yaye. Ya kwantar da kai a ƙirjina. Na ga fatar cinyarsa na saɓulewa, na riƙe ƙafarsa na ji ta sanyi ƙalau. Da na ɗaga babban yatsana sai na ga ya bar rami a bayan ƙafar, ramin kuma ya ƙi cikowa. Ban san sunan ciwon ba, amma na san ƙibar lafiya ba ta yin haka.

Da yamma na tari Malam a bayan rumbu na ce, "Yaron nan ba shi da lafiya."

Ya dube ni da mamaki don bai taɓa jin na ɗauko zancensa ba. Ya ce, "Haba Dije. Inna ta raine mu duka, ita ce ba za ta gane ciwo ba? Tun rasuwar Baffa ban ga haƙoranta a waje ba sai bana. In je in ce mata me?"

Na ce, "Ka ce mata a kai shi asibiti."

Ya ce, "Bari a gama maimai mu gani."

Raina ya ɓaci, na juya na bar shi tsaye. Mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma a gaban uwarsa ruwa ya fi shi tauri.

Ba a gama maimai ba. Wata safiya ana yayyafi, mata sun taru a rumfar Inna suna jiran a ɗauke, na ga ta kai masa ludayin kunu baki, kansa ya langaɓe gefe, idanunsa sun kumbura har sun kusa rufewa. Ita kuma tana cewa, "Yau sarautar ce ta motsa, Maigida ba ya son kunun talakawa." Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ratsa tsakiyar matan nan, na sunkuya na ɗauke shi daga cinyarta, na saɓa shi a baya na ɗaure da zane.

Wata ta ce, "La ilaha illallahu! Dije, ɗan farin?"

Inna ta ce, "Ke 'yar nan, lafiyarki? Ina za ki da shi?"

Na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni. Ɗana zai mutu. Gwarzo zan kai shi."

Na faɗa, da bakina, a gaban kowa. Na ji wata na cewa 'ya'yan zamani ba su da ta ido. Na fice ban waiwaya ba, kunya da tsoro suna cina lokaci guda.

Hanyar Gwarzo duk caɓi ce, ƙafa na nutsewa, ruwan kuma ya ƙaru. Ina tafe ina taɓa ƙafarsa in ji ko da sauran motsi. Na yi nisa sai na ji takun mutum a bayana da haki. Ina juyawa sai ga Inna, babu takalmi, zanenta ya jiƙe sharkaf, ta riƙo kabidon kabar da take rufa da shi idan ana ruwa. Na tsaya ina jiran faɗa. Ta ɗora kabidon a kaina ta gyara shi ya rufe yaron, ta wuce gaba, na bi ta.

A asibiti muka samu wata malama mai matsakaicin shekaru, da ganinta ta gaji, don layin iyaye da yara har waje. Ta danna ƙafarsa kamar yadda na yi. Ta kama 'yan silin gashinsa ta ja a hankali, suka biyo hannunta, yaron ko motsi bai yi ba.

Inna ta yi wuf ta ce, "A'a, 'yata, bi a hankali. Gashin kakansa ne, gado ne."

Malamar ta dube ta, ta dube ni. Ta jawo kujera ta zaunar da Inna, ta ce, "Inna, da wane irin gashi aka haife shi?"

Inna ta ce, "Baƙi."

Ta ce, "To gado ba ya jira sai an yaye yaro a shekarar da babu nono. Dubi layin can. Duk jan kan da kika gani, ba kakansu ɗaya ba. Ciki yana samun abin da zai cika shi, jiki ne ba ya samun abin gini. Kumburin nan ruwa ne."

Inna ta juya ta kalli layin. Yara ne a bayan iyayensu, na Hausawa da na Buzayen da fari ya koro, kawuna ja-ja, kumatu a cike. Ta daɗe tana kallo. Sai ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Wallahi a lokacin tausayinta ya kusa fin tsoron da nake ji.

Aka ba mu magani da 'yar madarar gari, aka ce a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kada a ɗura masa. Idan ya fara karɓa a ƙara da ƙwai, da wake, da gyaɗa a cikin kunu, da kowane irin nono aka samu. Malamar ta ja mana kunne cewa idan kumburin ya sauka zai zama kamar ya rame, kada mu tsorata.

A hanyar komawa Inna ta yi magana sau ɗaya. Ta ce, "Da hannuna nake ba shi kunun nan, ina murna."

Na ce, "Inna, abin da ke gidan kika ba shi, har da rabonki."



Madarar ba ta daɗe ba ta ƙare. Abin da Inna ta yi bayan nan shi ne ba na mantawa. Tana da wata jar akuya mai ɗa. A gidan masu shanu, tatsar akuya abin dariya ne, sai wanda ya rasa asali. Da sassafe na fito na same ta tsugune a gindin akuyar nan da 'yar ƙwarya, a fili, kowa na wucewa. Wata tsohuwa ta leƙo ta katanga ta ce, "Yau ga matar mai garke a ƙarƙashin akuya!" Inna ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce, "Idan kina da wata mai nono, aro mini." Ƙwan zabi da ake hana yara, wai kada su tashi da ɗauke-ɗauke, ita ta riƙa bin gindin ciyawa tana nemowa. Ta bi gida-gida har ƙauyen Masanawa wurin 'yar'uwarta, ta dawo da ƙullin wake da 'yan ƙuli-ƙuli a bakin zane. Gyaɗa na fara ƙwaya ta shiga gonar Malam ta tuge ta ɗanya, shi kuwa bai hana ta ba.

Kumburin ya sauka, sai ga ainihin yaron, fata da ƙashi. Duk da an gaya mana, na shiga bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Muka ci gaba, cokali bayan cokali, ni da ita muna karɓa-karɓa. Babu wanda ya ƙara yi mini zancen kunya, ko kuma sun yi ban ji ba. Wata rana ɗan akuyar nan ya zo yana tsalle ya ture ƙwaryar Inna, sai muka ji wani ɗan sauti daga tabarma. Dariya yake yi. Muka dubi juna ni da Inna, kowa ta kau da kai.

Gero ya nuna, aka fara tumu, gari ya cika da ƙamshin sabon hatsi. Yaron nan ya soma dafa bango yana bin kaji. Wata la'asar ana shanyar gyaɗa a tsakar gida, mata sun cika rumfa, Inna ta ƙwala mini kira. Na zo na durƙusa. Yana zaune a cinyarta, ta sa yatsu ta buɗa gashinsa ta ce, "Duba nan."

Saman gashin ja ne har yanzu, amma daga tushe wani sabo ya taso, baƙi wuluk, mai tauri.

Ta daɗe tana shafa jan da ya rage. Ta ce, "Na so ya zauna, Dije. Allah ya sani na so." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa Malam ya aika a kira wanzami gobe, a aske jan nan duka.

Ta ɗago yaron ta dube shi ido cikin ido ta ce, "Kai ba shi ba ne. Baƙi ne kai, mummuna, irin dangin uwarka. Ka zauna mana a haka."

Matan suka fashe da dariya, ita ma tana yi tana hawaye. Sai ta miƙo mini shi a gaban kowa ta ce, "Ungo. Riƙe ɗanki, ki kira shi da duk sunan da kika ga dama."